Harshen Farfesa Yahuza

"Ni Yahuza, ko a waya aka kara mani kukan injin, sai in hwaɗa maka shekarun motar, da garin da aka ƙera ta, da cutar da ke cin ta. Agogon awo? Wanga kayan 'yan koyo ne. Kunne da halshe, su ne kayan aikina!"

Wannan shi ne karatun safe da na yamma a garejin Yahuza da ke bakin titi a Ƙanƙara. Abokina, in ba ka taɓa ganin mutumin nan ba, ka yi asarar kallo. Gajere ne, mai tumbi, ga gashin baki ya tara kamar tsintsiyar laushi, kullum yana murza shi. Sauran makanikai suna fama da tsummokaransu na aiki, shi kuwa farar riga irin ta likitocin asibiti ya samo a gwanjo, ya jera biro uku a aljihu, alhali ko lambar waya sai ya ba wani ya rubuta masa. A saman rumfar ga allo fankameme: FARFESA YAHUZA, LIKITAN INJIN. Kada ka tambaye ni jami'ar da ta ba shi. Mai fenti ne ya ba shi, shi ma don an ce ya rubuta ne.

Babban wasansa shi ne lasar mai. In an kawo mota, sai ya zaro sandar nan ta duba mai, ya dangwala da yatsa, ya kai baka, ya lumshe ido yana tsotsa, sannan ya yanke hukunci. Sau goma sai ya dace sau biyu. Biyun nan kuwa har jikokinka sai sun ji labarinsu.

A duk faɗin duniya mutum ɗaya ce ke sa bakin Yahuza ya mutu: surukarsa, Goggo Mansura, mai suyar ƙosai a Sheme. Shekara goma sha biyu yana auren 'yarta Zulaihatu, bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba. In ta yi magana yana durƙushe, amsarsa ba ta wuce "To, Goggo," da "Haka ne, Goggo." Zulaihatu kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma duk mako takan cika wata rawayar jarka da man gyaɗa, Yahuza ya tafi da ita gareji ya ba direban da zai bi ta Sheme ya sauke wa Goggo. Shi ma Farfesa yana da tasa rawayar jarkar, wadda yake zuba man injin da yake aunowa daga durom, ya riƙa ce wa mutane daga Jamus aka aiko masa. Ka riƙe jarkokin nan biyu a ranka, za mu dawo kansu.

Ran wata Talata aka kawo masa gingimarin Alhaji Gide a canza mata mai. Tsohuwar mota ce, ta girmi direbanta Kamilu da kusan shekara goma, har mutane ke kiranta Dattijuwa. Amma Kamilu ya san halinta kamar yadda ya san tafin hannunsa, yana lallaɓa ta tana kai shi duk inda yake so. Ranar Farfesa yana fama da mura, hanci a toshe. Ya tsiyaye tsohon mai, ya jawo jarka, ya kafa mazurari yana bulbulawa, fuskarsa kuwa tana wajen masu shan shayi, yana ba su labarin yadda wani Bature ya taɓa yi masa kuka ya bi shi ƙasarsu. Har ya gama zubawa bai kalli abin da yake zubawa ba ko sau ɗaya. Jarkar da ta rage kuma ya miƙa wa wani direban Sheme.

Washegari da sassafe aka yi wa Dattijuwa lodin tumatir a Mairuwa, kwando ɗari da arba'in, noman ranin Alhaji Gide gaba ɗaya, za a kai kasuwar Katsina. Kowa ya san tumatir ba ya jiran kowa. In ya wuni a rana, abin da za ka sauke ba tumatir ba ne, ruwa ne.

Suna isowa Sheme injin ya ɗau zafi, sai Kamilu ya ga allurar agogon mai, wadda ta saba zama a tsakiya, ta sulale ƙasa ta kwanta, jar wuta ta kama. Wato man ba ya zagayawa da ƙarfi a cikin injin. Kamilu ba ya wasa da wannan. Nan take ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kira maigidansa. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga Alhaji Gide a kan mashin, ya goyo Farfesa, farar riga tana kaɗawa a baya.

Sun tarar da wani dattijon makanike na nan Sheme, Malam Nasir, ya riga ya leƙo. Mutum ne marar surutu, ya zo da ɗan agogon awonsa mai tiyo a hannu.

"Alhaji," in ji shi, "in da za a ji tawa, a hwara duba man shi kanshi. In shina da kyau, sai a ɗaura agogon ga a gani ko na motar ne ke ƙarya. Daga nan a san inda za a dosa."

Yahuza ya dube shi sama da ƙasa, ya murza gashin baki.

"Baba, a je a huta. Wanga aikin manya ne, ba hwacin keke ba. Man da ka ce a duba, ni na zuba shi da hannuna jiya." Ya juya ga mutanen da suka fara taruwa, ya ɗaga murya. "Ku shaida! In aka kira azahar motar ga ba ta kama hanya ba, a kira wanzami ya aske mani gashin bakin ga a gaban kowa!"

"Mun shaida!" in ji 'yan tasha, waɗanda dama ba su da aikin da ya fi wannan.

Malam Nasir ya ja da baya. Ya koma gindin wata bishiya ya zauna, ya ɗora agogonsa a cinya.

Farfesa ya zaro sandar mai, ya dangwala, ya kai baka. Man ya riga ya gauraya da dattin tsohon injin ya yi duhu. Ya lumshe ido. Ya sake dangwalawa. Ya sake, karo na uku.

"Kai! Kai! Kai! Jamus ta iya mai! Alhaji, wanga mai har garɗi gare shi. Duk wanda ya ce laihin mai ne, a kai shi asibiti a duba kanshi."

"To mi ya kwantar da allurar?" in ji Alhaji.

"Agogon ne maƙaryaci. Tsuhwa ne ya kama shi."

Ya haye gaban mota ya ɗanɗana wa agogon mari biyu. Allura ba ta motsa ba. Sai ya zura hannu ta baya ya fizge wayar jar wutar.

"Ga shi nan. Akwai sauran jar wuta?"

"Babu, Hwarhesa," in ji Kamilu, "amma ai allurar tana nan kwance."

"Kai direba ne ko mai gadin allura? Tada mota!"

Kamilu ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi tumatir, ya gyaɗa kai. Dattijuwa ta tashi, ta yi tafiyar da ba ta wuce daga nan zuwa bakin masallaci ba, sai injin ya fara ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ kamar ana sassaƙa turmi a cikinsa. Kamilu ya yi wuf ya kashe.

"Wallahi ko za a kore ni ba ni ƙara taka ta," in ji shi. "In injin ga ya buga, shi ke nan."

Wani mai kunya da a nan ya tsaya. Yahuza kuwa ko gezau.

"Dama gwada ta nike. Yanzu na ji da kunnena. Hilta ce ta toshe."

Ya shige ƙarƙashin mota da farar rigarsa, ya kama filtar mai ya murɗe da ƙarfi, ya manta injin bai huce ba. Sai mai mai zafi ya tsiyayo masa daga wuyan hannu har hammata. Ya yi wata ƙara da ta sa awakin bakin titi watsewa, ya fito yana yarfe hannu yana tsalle, rigar likita ta koma ta mai sayar da gawayi. Aka duba filta, garau take. Ai jiya shi da kansa ya saka ta sabuwa.

"Hwarhesa, lahiya?" in ji wani ɗan tasha.

"Lahiya lau. Haka ake auna zahin mai a Jamus."

Rana ta take. Ruwa ja-ja ya fara ɗiga daga ƙarƙashin kwanduna, ɗis, ɗis. Alhaji Gide sai zagaya motar yake yana salati, ya ɗaga wannan kwando, ya latsa wancan, gumi na bin gemunsa. Tausayinsa ya kama kowa, ban da wanda ya jawo abin.

"Hwarhesa, don girman Allah, noman shekara ne a saman motar ga."

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Na kama ɓarawon. Hwamhon mai ne ya gaji, ba ya turawa."

Kafin a kai ga famfon mai kuwa, sai an kwance kaskon da ke ƙarƙashin injin, wanda mai ke taruwa a ciki. Aka aro wata babbar roba a wurin mai shayi, Farfesa ya kwance noti, mai ya bulbulo a ciki yana tururi. Sai wani ƙamshi ya tashi ya bi iska.

Mutane suka fara ɗaga hanci.

"Wa ke suya da tsakar rana?"

"Ni ma na ji. Kamar ƙuli-ƙuli ya hito daga wuta."

Wani matafiyi ya sauko daga mota ya nufo wurin yana tambaya ko akwai ƙosai mai zafi. Wata kyanwa ta zo ta zauna a gefen robar ta ƙura mata ido. Malam Nasir daga gindin bishiya ya shaƙa sau biyu, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna an ce masa mai facin keke, ya mai da bakinsa ya rufe.

"Hwarhesa," in ji Kamilu, "anya man ga..."

"Ƙauyanci dai bai yi ba! Man Turawa haka yake, turare ake sa mashi. Ku da kuka saba da man durom ina za ku sani?"

Ya ciro famfo, ya jujjuya shi, ya kara a kunne, ya girgiza. Famfo dai lafiyarsa ƙalau, ko makaho ya shafa ya san haka. A daidai nan ladan ya kwaɗa kiran azahar.

'Yan tasha suka dubi juna. Ɗaya ya sulale ya tafi neman wanzami.

Bayan an idar da salla Farfesa ya dawo da sabon bayani, don irinsa ba sa rasa bayani. Ya ce cutar ta yi nisa, ƙarafan da ke riƙe da kuranshaf, wato babban ƙarfen nan da ke juyawa a cikin injin, su ne suka cinye, dole a sauke injin gaba ɗaya a kai Ƙanƙara, aikin kwana huɗu.

"Kwana huɗu!" Alhaji ya dafe kai. "Ka ce azahar!"

"Ai ban hwaɗi azahar ɗin wace rana ba."

Ana cikin wannan sai taron ya dare gida biyu. Wata tsohuwa ce tafe, siririya, ta yafa mayafi, ta ɗauko rawayar jarka a ka, tana tafe tana shinshina iska kamar mai bin sawu. Yahuza yana hango ta ya gane surukarsa ce. Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya zube ƙasa ya durƙusa a cikin mai da ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Goggo."

Goggo Mansura ta amsa a gajarce, ba ta ko dube shi ba. Ta sauke jarka, ta nufi robar nan, ta kori kyanwa, ta dangwala yatsa ta kai hanci.

"Haba, ni dai na ce! Tun daga cikin gida nike jin shi. Wanga man ɗiyata ne. Ko cikin dubu na san shi, ita kaɗai ke barin gyaɗa ta soyu haka kahin ta matse. Mi ya kai shi cikin mota?"

Kowa ya juya ya dubi Yahuza. Tumatir kuwa sai ɗiga yake.

"Wanga kuma," ta nuna jarkar da ta kawo, "shi aka aiko mani jiya. Da sahe na zuba a kasko, na saka ƙullu. Hayaƙin da ya tashi sai da maƙwabta suka hito da bokitai. Ƙosan kuwa na jehwa ma kare, ya shinshina, ya dube ni, ya yi tahiyarshi. Shekara talatin ina suya a garin ga, yau ne kaɗai mutane suka zo suka koma da kwanoninsu wayam."

Malam Nasir ya taso a hankali, ya buɗe jarkar Goggo, ya murza man a yatsu.

"Alhaji, ga man motarka nan. Na durom ne, amma zai yi. Wancan na roba kuwa, in ya ji wuta tsinkewa yake kamar ruwa, ina zai iya ɗaga allura? Ka gode ma direbanka da ya kashe ta da wuri."

Abokina, dariyar da aka yi a Sheme ranar, na tabbata an jiyo ta a Faskari. Wani ya faɗi yana riƙe da ciki, wani ya kama jikin mota yana hawaye. Mai shayi yana ta ihu, "Man Jamus! Jamus ta bayan gidan Zulaihatu!" Alhaji Gide kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo ya tsaya a kan Yahuza. Da ƙyar ya ce, "Tumatir ɗina... ka soya mani mota... " ya kasa ƙarasawa.

Ka san abin da ya fi ci wa Yahuza rai? Yana da amsa. Wallahi yana da ita, har guda uku sun zo masa baki: cewa gwaji ne na kimiyya, cewa maƙiya ne suka sauya jarka, cewa a Jamus ma yanzu man gyaɗa ake yayi. Amma surukarsa na tsaye a kansa. Bakin da ya wuni yana zuba tun safe ya ƙi buɗuwa.

Malam Nasir ya naɗe hannun riga, shi da Kamilu suka mai da famfo, suka ɗaura kasko, suka wanke cikin injin, suka juye man jarkar Goggo, aka ƙaro kaɗan daga shagonsa. Ya ɗaura agogon nan na 'yan koyo, ya ce a tayar. Allura ta miƙe ta tsaya cak a tsakiya, injin yana kuka lafiyayye. Ya kuma mai da wayar jar wutar da aka fizge. Sai dai la'asar ta riga ta yi, kwandunan ƙasa duk sun narke, kusan kashi ɗaya cikin uku na noman Alhaji ya bi ƙasar Sheme. Kamilu ya ja Dattijuwa da abin da ya saura, ko waiwaye bai yi ba.

Wanzami kuwa tuni ya iso, yana wasa askarsa a tafin hannu. Yahuza ya saci kallon mashin, ya saci kallon hanyar Ƙanƙara, amma suruki ba ya miƙewa surukarsa ba ta sallame shi ba, ita kuma Goggo ta samu benci ta zauna, ta gyara mayafi. A durƙushen aka yi masa. Aska ta bi gefen dama, tsintsiyar shekara ashirin ta zubo a kan rigar likita.

An gama rabi kenan Goggo ta sa ƙafa ta turo robar nan gabansa. Tun da rana take ajiye a inda ruwan tumatir ke ɗiga, ya taru a kan man ya yi ja, har da 'ya'yan tumatir suna yawo a sama.

"An ce mani halshenka ne kayan aikinka," in ji ta. "An ce har sau uku ka lasa, ka ce da garɗi."

"Haka ne, Goggo."

"To ga mai, ga tumatir, miya ta haɗu. Kai ne masani, hwaɗa mana. Gishiri ya ji, ko a ƙaro?"

Wanzami ya ɗaga aska ya dakata. 'Yan tasha suka matso, kowa ya kasa kunne. Suruka ta yi tambaya, kuma ba a barin tambayar suruka ba amsa. Farfesa Yahuza, Likitan Injin, da rabin gashin baki a fuska, ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce da 'yar ƙaramar murya:

"Ya ji, Goggo."